Yadda Ake Kiran Talo-talon Daji a Filayen Farauta na Gwamnati a Amurka

Talo-talon daji tsuntsu ne na Arewacin Amurka, kuma farautarsa a watannin Maris zuwa Mayu ta dogara kacokan ne a kan kira, domin lokacin barbara ne, kuma galibin jihohi mai gemu kaɗai suke yarda a harba, wato mai tuntun gashi a ƙirji, wanda yawanci namiji ne. A ɗabi'arsa, namijin yakan tsaya ya yi cara, ya baje jela, macen ce take tattaki ta same shi. Maharbi kuwa so yake ya juya wannan tsari, ya kwaikwayi muryar mace har namijin ya gaji da jira ya taso da kansa. A gandayen daji na tarayya da filayen da hukumomin namun daji na jihohi suke kula da su, inda duk mai lasisi yake da damar shiga, aikin ya fi wuya, saboda tsuntsayen sun sha jin kiran ƙarya tun daga makon farko, sun kuma koyi cewa murya mai ƙarfi da naci mutum ne a bayanta.

Kayan kira iri uku ne suka fi yaɗuwa. Akwai ɗan akwatin katako mai murfi da ake gogawa a gefensa, wanda ya fi sauƙin koyo kuma muryarsa tana zuwa nesa ko da ana iska; a riƙa shafa wa murfin alli marar maiƙo, a kuma ɗaure shi yayin tafiya don kada ya yi ƙara. Akwai faifan dutse ko na gilashi da ake zanawa da ɗan tsinke, shi ne gwanin taushin murya, amma sai an ɗan kankare fuskarsa da samfefa, kuma na dutsen ba ya jure jiƙa. Na uku siririyar roba ce da ake mannawa a ganɗa a hura, tana ɗaukar lokaci kafin a iya, sai dai ita kaɗai ce take barin hannuwa biyu a kan bindiga sa'ad da tsuntsu ya kusanto. Jihohi da yawa sun haramta na'urar kira ta lantarki, don haka a karanta dokar jihar kafin a fita.

Aikin yana farawa tun yammacin jajibiri. Talo-talo a kan bishiya yake kwana, kuma idan an yi kukan mujiya dab da magariba ko kafin ketowar alfijir, namijin yakan amsa da cara ba tare da ya ɗauka mace ce take nemansa ba, ta haka za ka san makwancinsa. Da rana kukan hankaka yana yin wannan aikin. Ka matsa cikin duhu har kimanin yadi 100 zuwa 150 daga bishiyar, ka zauna a daidai tudunsa ko sama da shi, ka tabbata babu rafi ko shinge ko kwazazzabo a tsakaninku, domin ɗan ƙaramin abu irin wannan ya isa ya sa ya toge yana cara a ƙetare har rana ta take.

Da gari ya fara haske, ka yi ɗan kira mai laushi sau uku ko huɗu, irin na mace da ta farka a reshe. Idan ya amsa, to ya san inda kake, domin kunnensa yana gane wurin da sauti ya fito ƙwarai da gaske, kuma duk abin da ka ƙara yanzu yana iya sa shi ya zauna yana jiran ka zo. A nan yawancin maharba suke yin asara: cararsa tana da daɗin ji, sai su riƙa tsokanarta, har wata macen gaske ta je ta janye shi, ko wani maharbin ya ji ya ratso tsakani. A ganina, a filin jama'a, kowace carar da ka jawo gayyata ce ga duk wanda yake cikin dajin. Bayan ya sauko, ka koma ga gajeren ƙyal-ƙyal da gurnani mai sanyi na mace mai kiwo, ka sa hannu ka riƙa tona busasshen ganye a gefenka, tona biyu ko uku sai ka dakata. Idan ya yi tsit, kada ka tashi. Tsuntsun da ya sha wuya yakan zo shiru, ta gefe ko ta baya, wuya a miƙe yana leƙe, don haka ka ba shi aƙalla rabin sa'a, bindiga tana kan gwiwa, kada ka motsa ko da kai, kuma kada ka harba sai ya shigo cikin yadi 40 ka ga gemunsa sarai.

Hantsi lokaci ne da bai kamata a raina ba. Matan sun tafi sheƙa wajen ƙwai, maharba da dama sun koma motocinsu, namijin ya rage shi kaɗai, kuma a wannan lokacin ne kira mai kaifi da sauri yake iya tayar da shi. Sai dai wasu jihohin suna rufe farautar ranar da tsakar rana ko ƙarfe 1, a kula da agogo. Yin nisa daga titi da wurin ajiye motoci, da fita a tsakiyar mako, sun fi kowace sabuwar murya amfani.

Batun tsaro ba ya rabuwa da kira, domin gwanintarka tana ruɗin mutane kamar yadda take ruɗin tsuntsu. Ka jingina da bishiyar da ta fi kafaɗunka faɗi. Kada ka sa tufa mai ja ko fari ko shuɗi, launukan kan namijin ke nan, haka kuma baƙi. Ka guji kwaikwayon carar namiji, kuma kada ka bi sauti da sanɗa. Dabarar rarrafe a bayan jelar talo-talo, mai kama da ta maharbinmu da yake ɗaura kan burtu, wasu jihohi sun hana ta a filayensu saboda haɗarin harbi. Idan ka hango wani maharbi yana nufo ka, kada ka ɗaga hannu, kada ka yi kira. Ka zauna a yadda kake, ka yi masa magana da babbar murya har ya amsa.