Yadda za ka zana wa yara cikin duniya da alli da tef ɗin tela

Malamai da iyayen yara masu shirin WAEC a nan Jos, hoton cikin duniya da ke littattafan labarin ƙasa yana ruɗa yara wlh, don ana kumbura ɓawon duniya na waje ya yi kauri fiye da ƙima. Gara ku zana da kanku. Samo alli, zare, tef ɗin tela da daɓen siminti mai fili.

Ƙa'idar guda ce, santimita 1 ta tsaya a madadin kilomita 100. Daga inda muke taka zuwa tsakiyar duniya kusan kilomita 6,371 ne, wato santimita 64 kenan. Yaro ɗaya ya danne bakin zaren da yatsa, kai kuma ka ɗaure alli a ɗaya bakin ka kewaya.

Da'ira ta farko a santimita 12, ita ce cibiyar ciki, ƙarfe da nikel a daskare duk da zafin ya haura digiri 5,000, nauyin da ke danne ta ne ya hana ta narkewa. Wata 'yar Denmak, Inge Lehmann, ta gano ta a 1936. Ta biyu a santimita 35, tsakanin layukan nan biyu cibiyar waje ce, narkakken ƙarfe mai motsi, shi ke haifar da maganaɗisun da ke juya allurar kamfas. Wannan layi na 35 shi ne iyakar Gutenberg, zurfin kusan kilomita 2,900.

Sai ka ja ta ƙarshe a 64. Duk filin nan daga 35 zuwa baki mantul ne, kuma a nan yara suka fi faɗuwa, suna rubuta wai ruwan wuta ne. Dutse ne mai tauri, sai dai zafi ya sa yana jan jiki a hankali, 'yan santimita a shekara, ɗan kaɗan ne ke narkewa ya fito ta aman wuta irin tsofaffin duwatsun wajen Panyam da Kerang.

To ina ɓawon? Kaurin layin allin nan na ƙarshe, shi kenan fa. Ƙarƙashin nahiyoyi kamar kilomita 35 ne, ƙarƙashin teku 5 zuwa 10, kaga ko rabin santimita bai kai ba. Duwatsun Shere da Riyom da ramukan kuza duk a bayan layin suke zaune. Gefensa na ciki shi ne Moho, daga sunan Andrija Mohorovičić ɗan Kuroshiya, wanda a 1909 ya lura taguwar girgizar ƙasa tana ƙara gudu da zarar ta wuce wani zurfi.

Dole wani mai wayo ya ce malam waye ya shiga ya gani? Ka nuna masa milimita ɗaya da ɗoriya a tef, iyakar ramin Kola na Rasha kenan, rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa, mita 12,262. Sauran galibi daga girgizar ƙasa aka sani, taguwarta mai ratsa cikin duniya iri biyu ce, P da S, taguwar P tana ratsa dutse da ruwa, ita ko S ba ta ratsa ruwa, da ta isa layin Gutenberg sai ta ɓace. Ka ba shi allin ya ja kibiyar S daga baki, ya tsaya cak a 35.