Kuɗin Riɗi a Kantin Turawa: Ga Ƙannenmu Masu Shirin Tafiya Ingila

Da na zo gida hutun Babbar Sallah, kusan kullum bayan la'asar sai na tarar da samari biyu ko uku a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu suna jirana. Wannan ya samu gurbin karatu a Ingila, wancan yayansa ne ya yi masa hanya, ɗayan kuwa ko fasfo bai yi ba amma ya riga ya san irin wayar da zai saya ranar da ya sauka. Daga Ringim aka zo, daga Taura, har daga wajen Garki. Tambayarsu ba ta wuce uku: sanyi, abinci, sai kuma "Yaya, wai da gaske ne waya da kwamfuta a can kamar kyauta suke?" Ta ukun nan ita ta zaunar da ni rubutu, don na gaji da ganin yaranmu suna afkawa ramin da na afka.

Sauran abubuwan ba za su ɗaure muku kai ba. Sanyi riga ce maganinsa. Naman halal da masallaci akwai su a duk babban gari. Kada ku ɗauko kilishi ko man shanu, ba a shiga da nama da kayan madara, a filin jirgi za a karɓe. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, cajarku za ta shiga lafiya. Mai gida kuwa, a Ingila doka ba ta yarda ya karɓi kuɗin ajiya fiye da hayar mako 5 ba, kuma dole ya saka su a asusun kariya cikin kwana 30. Mutanenmu na can, Allah ya saka musu da alheri, ban taɓa jin sun bar baƙo ya kwana a tasha ba. Za su tarbe ka, su nema maka ɗaki, su kai ka banki, wata Hajiya ta aiko maka da tuwo da miyar kuka a makonka na farko. Abin da ba wanda yake raka ka shi ne kanti. Kai kaɗai kake shiga, da kuɗin da aka sha wuya aka tara, kana ganin ai saye saye ne.

To ba haka ba ne. A nan gida, in ka sayi waya a Farm Centre ko a titin Beirut a Kano, mai shagon shi ne mai kayan. Ka taya, ya ce albarka, ka ƙara, ya sallama. In ta ba ka matsala bayan kwana biyu ka koma, ka kira sunan wanda ya haɗa ku, in ta yi zafi a je wajen shugabannin kasuwa. Fuskarka ita ce shaidarka. A can, yaron da ke tsaye cikin rigar kanti ba shi da ko kwabo a kayan. Albashin awa yake ci, wataƙila shi ma ɗalibi ne kamarka, kuma ba shi da ikon rage maka fam ɗaya. Kafin ka biya, murmushi har kunne. Bayan ka biya, sai ka zama kamar mai bin bashin gado.

Ni da kuɗin riɗi na sayi tawa laftof ɗin. Mahaifinmu ya ɗaure buhunan shekarar gaba ɗaya, aka kai Maigatari ranar Alhamis, ya damƙa mini kuɗin ya ce, "Wannan na na'urar karatunka ne, kada ka ci su." Da na isa, ko mako ban yi ba na shiga wani ƙaton kantin kayan lantarki, irin wanda talabijin suka jeru a bango tun daga ƙofa har ƙurya. Na fi rabin awa ina zagaye ba wanda ya ce mini ci kanka. Da wani ya zo, na tambaye shi bambancin laftof biyu, sai ya sunkuya ya karanta mini abin da ke rubuce a ɗan katin da ke gabansu, wanda ni ma na riga na karanta. Amma da muka zo wajen biya, nan bakinsa ya buɗe. Ya yi ta zuba a kan wani tsarin kulawa, in ta faɗi, in shayi ya zube mata, in kaza in kaza. Turancinsa yana gudu, ni kuma kunya ta hana ni cewa ban gane ba. Na yi ta gyaɗa kai, na sa hannu. Sai bayan wata biyu na lura ana zarar wasu 'yan kuɗi daga asusuna duk wata.

Kwana 19 da saye, ina tsakiyar rubuta aikin da za a ba ni maki, allon ya ɗauke ɗif. Na kunna, ta kawo, ta sake ɗaukewa. Na rungume ta a jaka na hau bas na koma. A teburin ƙorafi mutum ɗaya ne, layi kuma har wajen firji. Da aka zo kaina, matar ko buɗe jakar ba ta yi ba. Ta ce wannan ba nasu ba ne, in kira kamfanin da ya ƙera ta, ai tana da garanti. Ta rubuta mini lamba a guntun takarda, ta ɗaga kai ta kira na bayana.

Nan na yi kuskuren da nake so ku ji da kunnen basira. Na ce na gode, na fita. Tarbiyyar gida ce, ba a yi wa mutum gardama a wurin aikinsa. Na shafe kusan mako biyu ina kiran lambar nan, ana sa mini kiɗa a kunne, ana ce mini in kashe in kunna, in danna wannan in saki wancan. A ƙarshe suka ce in mayar wa wanda ya sayar mini. Da na koma kantin, wani saurayi ya duba rasit, ya ƙirga da yatsa, ya ce ai kwana 30 sun wuce, sai dai gyara.

Abin da matar ba ta gaya mini ba, kuma ina kyautata zaton ta sani, shi ne akwai doka. Sunanta Consumer Rights Act 2015, ku haddace shi kamar lambar wayar gida, ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba 2015. Dokar ta ce kayan da ka saya dole su zama masu inganci, su yi aikin da aka saye su dominsa, su dace da yadda aka siffanta su. Wanda ya karɓi kuɗinka shi ke da alhaki, ba wanda ya ƙera ba. Garantin kamfani ƙari ne a kan haƙƙinka, ba madadinsa ba. In aibi ya bayyana cikin kwana 30 na farko, kana da ikon cewa ba ka so, a ba ka kuɗinka cif, ba sai ka yarda da gyara ba. Wato ranar da na tsaya gaban matar nan, kalma ɗaya ce tsakanina da kuɗin riɗin Baba, ban san ta ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Suka karɓi laftof ɗin. Mako uku ina zaman ɗakin karatun jami'a har dare, ina bin kwamfutocinsu, ina fitowa cikin ruwan sama. Kullum na kira sai a ce tana hanya. Da ta dawo, sun goge komai. Rubutuna, hotunan gida, har muryar Inna da na adana, babu. Da na yi magana suka nuna mini layin da na sa wa hannu a takardar gyara, cewa ba ruwansu da abin da ke ciki. Wannan kam laifina ne, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci. Duk wanda zai miƙa na'ura gyara, ya kwashe kayansa tukuna, ya saka a filas ko a ma'ajiyar intanet da jami'a ke ba kowane ɗalibi.

Bayan kwana goma allon ya sake ɗaukewa. Wannan karon wani dattijo ɗan Haɗeja da ya daɗe a ƙasar ya gan ni a masallaci na yi jugum, ya tambaya, na ba shi labari. Ya ce, "Kai yaro, kunyar marar kunya ai asara ce." Ya tura ni ofishin Citizens Advice, inda ake ba da shawara kyauta. A nan aka warware mini sauran dokar. Bayan kwana 30 har zuwa wata 6, kanti yana da dama guda ɗaya tak ta gyara ko canji. In gyaran bai yi ba, ka koma kan haƙƙin karɓar kuɗinka, kuma a cikin wata shidan nan ba za su zaftare komai ba wai don ka yi amfani da ita. Haka kuma a wannan tsakanin ana ɗauka da aibinta ta zo, su ne za su kawo hujjar cewa kai ka ɓata. Bayan wata 6 nauyin hujja ya dawo kanka, amma ƙofar ƙara ba ta rufe ba sai bayan shekara 6 a Ingila da Wales, shekara 5 a Scotland.

Na rubuta wasiƙa shafi ɗaya: ranar saye, ranar da ta lalace, ranar gyara, sunan dokar, da abin da nake nema. Na tura ta imel, na buga kwafi na riƙe a hannu, na koma na ce manaja nake son gani. Ban ɗaga murya ba. Mutumin ya karanta, ya shiga ciki, ya fito, ya ce in sa katina a na'ura. Abin da aka yi wata biyu ana juya ni a kai, minti goma bai ci ba. Su ɗin ba hayaniya suke tsoro ba, mai ihu sai su kira mai gadi. Takarda mai kwanan wata ita ke sa su gyara zama.

Shi ya sa raina ke sosuwa in na ga sabon zuwa ya karɓi rasit ya cusa a aljihun wando tare da kuɗin bas. Irin takardar nan tawadarta gogewa take yi, bayan 'yan watanni sai ka ga fara fat. Ka ɗauki hotonta tun kana bakin ƙofa. Ka biya da kati, don bayanin banki ma shaidar saye ne. Kwalin ma ka ajiye shi ƙarƙashin gado har wata guda ya wuce, ko da yake doka ba ta ce sai da kwali za a karɓi mai aibi ba, rage gardama ne kawai.

Akwai kuma abin da ke ruɗa yaranmu. Sun ji ana cewa a Turai komai ka saya kana iya mayarwa. In a cikin kanti ka saya, kayan lafiyarsu ƙalau, kawai ka fasa ne ko ka ga mai araha a gaba, doka ba ta tilasta musu karɓa ba, sai dai in tsarin kantin ya yarda. Amma in ta intanet ka saya, kana da kwana 14 daga ranar da kayan suka iso ka ce ka fasa, ba sai ka ba da dalili ba. Don haka ni yanzu kanti kallo nake zuwa, in taɓa madannai, in ɗaga in ji nauyi, in koma ɗaki in saya ta intanet, sau da yawa ma da ragin ɗalibai in ka yi amfani da imel ɗin jami'a. Wannan bambanci na kanti da intanet ya shafi kwantiragin waya ma. Wani ƙaninmu ya shiga shago sayen layi kawai, ya fito da sabuwar waya da bashin wata 24 a wuyansa, yana ta murna wai kyauta aka ba shi. Layin da kake sa wa kuɗi wata-wata ya ishe ka shekarar farko. Tun Disamba 2021 an hana kamfanoni sayar da waya a kulle, saboda haka ba wanda zai ɗaure ka da wannan dalilin.

Masu cewa ka ɗauka yanzu ka biya a hankali, ka tambayi ko akwai ruwa a ciki kafin ka sa hannu. Da yawanmu ba ma riƙe katin bashi saboda riba. Wanda yake riƙewa, ya sani cewa sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya ɗora wa kamfanin da ya ba da katin alhaki tare da kanti a kan abin da ya haura fam 100 zuwa fam 30,000. Mu masu katin asusu kuwa, banki yana da hanyar janyo kuɗi in ciniki ya lalace, amma tana da wa'adi, ba a jan ƙafa.

Sai masu araha a Facebook. In mutum ne kawai yake sayar da tasa, ba ɗan kasuwa ba, kwana talatin ɗin nan babu su. Abin da ke kansa kawai kada ya yi maka ƙarya a siffar kayan. Na san wanda ya sayi waya a bakin tashar jirgin ƙasa, bayan mako guda ta daina kama sabis, ashe ta sata ce an toshe lambarta. Gyararriya daga kanti mai rajista ta fi wannan sau goma, don dokar ta rufe ta ita ma. Kuma duk wanda zai aiko wa Baba ko amarya waya gida, ya yi amfani da ita can tukuna na 'yan makonni. In ta iso Ringim ta mutu, ko janareto ya ƙona cajar, ba kantin da zai saurare ka daga nan.

Ɗan yayata yana cikin masu tafiya bana. Babansa ya sayar da bijimi, ya kawo mini kuɗin wai in riƙe in saya masa da kaina in mun isa. Na ce a'a, shi zai saya, ni rakiya kawai zan yi, in tsaya a baya in ji ko zai iya cewa "ban gane ba, maimaita" ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Na ba shi wata jakar leda mai zif, na ce duk takardar da aka miƙo masa a ƙasar nan, ta kanti ce ko ta mai gida, a ciki za ta kwana. Ya ce, "To Kawu." Jiya da na leƙa ɗakinsu ana haɗa kaya, na tarar uwarsa ta cika jakar da yajin daddawa ta ɗaure bakin da zare.