Yadda ake ɗaukar murya sau da yawa a jera ta a manhajar haɗa kiɗa

Muryar da ake ji a cike cikin waƙar da aka kammala ba kasafai take zama ɗauka guda ba. Galibi an rera baitin ne sau da dama, aka tsinci mafi kyawun kowace gaɓa, sannan aka ɗora wasu muryoyin a bayanta. Manhajojin Reaper, Logic Pro, Pro Tools da Cubase duk suna da wannan tsarin tsintar ɗauka, Ableton Live ma ya samu nasa a fitowarsa ta 11 a shekarar 2021.

Da farko a saita aikin a kan kilohaz 44.1 ko 48 da bit 24, waɗanda su ne ma'aunan ingancin ɗauka, a kuma rage bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi, zuwa 128 ko 64, domin idan ta yi yawa mawaƙi zai riƙa jin muryarsa a makare cikin hedifon, hakan kuwa yana jefa shi bayan kiɗa. Idan makirufon na kondensa ne, wato irin mai buƙatar wuta kafin ya yi aiki, sai a kunna masa wutar bolt 48, a sa rariyar tare iska a gabansa, mawaƙi ya tsaya kamar santimita 15 zuwa 20 daga gare shi.

Na biyu shi ne awon ƙarfin sauti. A sa mawaƙi ya rera wurin da ya fi ɗaga murya, a daidaita har ƙololuwar ta tsaya tsakanin desibel -12 da -6. Sautin da ya kai desibel sifili ya fashe, kuma gyara ba ya mayar da shi yadda yake.

Daga nan a zaɓi baitin, a kunna ɗauka mai zagayawa tare da ba da mizani (zagayen ƙidayar bugun kiɗa) ɗaya ko biyu na shiri kafin shiga. Kowane zagaye manhajar za ta ajiye shi a ƙarƙashin na baya. Ɗauka huɗu zuwa shida sun wadatar a ganina, saboda bayan haka murya takan gaji, kunnen mai tacewa ma ya daina bambance mai kyau da mai dama-dama.

Wajen tsinta, a saurari jimla ɗaya a dukkan ɗaukar kafin a wuce zuwa ta gaba. A yanka a wurin numfashi ko shiru, ba a tsakiyar wasali mai tsawo ba, sannan a sa 'yar gajeriyar shuɗewa, wato dusashewar yanki ɗaya yayin da na gaba ke shigowa, ta milisakan 5 zuwa 10 a kowace mahaɗa don kada a ji ƙas. Abin da aka haɗa shi ne uwar murya, kuma a tsakiyar lasifikar hagu da ta dama take zama.

Jerawa, wato ɗora wasu muryoyi a bayan uwar murya, ita ce inda masu koyo suka fi tuntuɓe. Da yawa sukan kwafi uwar muryar su manna a sabon layi, suna zaton sun ninka ta, alhali ƙarfi kawai suka ƙara mata na kimanin desibel 6. Idan kuma suka ɗan gusar da kwafin, sai wasu sassan sautin su kashe juna, muryar ta koma kamar daga cikin bututu take fitowa. Kaurin da ake nema yana zuwa ne daga ƙananan bambance-bambancen lokaci da na sauti waɗanda ba sa samuwa sai an sake rerawa. Saboda haka a buɗe sababbin layuka biyu, mawaƙi ya rera kowanne daban yana bin uwar muryar a kunnensa, a tura ɗaya hagu ɗaya dama, a sauke su ƙasa da uwar har a riƙa jin nauyinsu ba tare da an gane su ɗaya-ɗaya ba. Amshi ne ya fi dacewa da wannan. Idan aka ninka waƙar tun daga farko har ƙarshe, amshin ba zai sami inda zai ɗaga ba.

Saura shara. A goge numfashin da ke cikin muryoyin baya, a daidaita ƙarshen kalmomi, musamman masu "s" da "sh" da "t", domin su ne ke tona asirin ninkin da bai zauna ba, a kuma yanke sautin da ke ƙasa da haz 100 a waɗannan layuka. Kafin a fitar da aikin, a mayar da shi gaba ɗaya mono, wato a haɗe hagu da dama su zama ɗaya, a saurara, tun da wayoyi da yawa lasifika ɗaya gare su. Idan muryar ta sirance a nan, a rage ninkin ko a sake rera shi.