Ɗaukar hoton kwaɗon bishiya a harabar gida

Da damina, in an ɗauke ruwa da magariba, duba ganyen ayaba ko gefen randa. Nan nake samun ɗan kwaɗon nan mai yatsu masu manne wa ganye.

Kashe filashin waya. Ba wani tocila ya haska daga gefe, a rufe bakinta da farin ƙyalle don hasken ya yi laushi. Durƙusa daidai tsayin kwaɗon, ka matso a hankali, sannan ka taɓa idonsa a fuskar wayar don kyamara ta saitu a kansa. In ido ya fito tas, hoto ya yi.

Don Allah kada ka kama shi. Fatarsa na tsotsar ruwa da iska, man shafawa ko sabulun hannunka na iya cutar da shi.