Kurakuran da ke cin yatsun ma'aikata a masana'antar abinci, da waɗanda ke cin haƙƙinsu

Kusan duk raunin da na gani a shekarun da na yi kusa da injin niƙa nama da na kwaɓa fulawa, a lokuta biyu ya faru: sa'ad da inji ya cushe, da sa'ad da ake wanke shi. A nan ne gaggawa ke tura hannu inda bai kamata ya shiga ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya danna maɓallin tsayarwa, ya ɗauka shi ke nan. Wannan maɓalli bai raba injin da wuta ba. Wani na iya zuwa ta baya ya kunna bai san kana ciki ba. Gyaran shi ne ka kashe daga babban makunni, ka sa kwaɗonka, makullin yana aljihunka, ka rataya takarda mai sunanka, sannan ka gwada kunnawa ka ga bai motsa ba. Idan ku uku ne kuke wanki, kwaɗo uku za a sa. Kada kuma a manta da ƙarfin da ke saura bayan an ɗauke wuta: wuƙa tana ci gaba da juyawa na ɗan lokaci, injin da ke aiki da matsattsiyar iska kuwa yana iya datsewa idan ba a sauke iskar ba.

Har yau ina tuna wani matashi da muka yi aiki tare. Nama ya maƙale a bakin injin, sandar turawa tana can gefe, sai ya kai hannu sanye da safar hannu. Bakin safar kawai sukurun da ke juyawa cikin injin ya kama, amma ya ja hannun gaba ɗaya kafin a kai ga makunni. Mutane da yawa ba su san wannan ba: safar da ke kare ka daga wuƙa ita ce ke jawo ka idan abu mai juyawa ya kama ta. Haka dogon hannun riga, zobe, agogo da igiyar da ke reto.

Sai cire murfin kariya, ko ɗaure na'urar da ke tsayar da inji idan an buɗe shi, wai don aiki ya yi sauri. Wannan yana ƙona min rai, domin sau da yawa daga sama matsin yake zuwa. Yarjejeniya ta 119 ta Hukumar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1963, ta hana a tilasta wa ma'aikaci aiki da injin da aka cire wa kariya. Ta 155 kuma, ta 1981, ta ce a kare wanda ya janye daga aikin da yake da dalilin ganin akwai babban haɗari a gabansa. Ƙarfinsu ya danganta da ko ƙasa ta amince da su, amma sun isa ka san ƙin irin wannan aiki ba taurin kai ba ne.

Idan tsautsayi ya auku, a danne raunin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun. Yatsan da ya cire kada a jefa shi cikin ƙanƙara kai tsaye, sanyin yana kashe naman. A naɗe shi da bandeji mai ɗan damshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, a garzaya asibiti.

Daga nan ne wani kashin kurakuran yake farawa, kuma su ne ke barin mutum da nakasa ba diyya. Wani ya yi shiru saboda tsoron kora. Wani ya faɗa wa shugabansa da baki kawai, bayan wata uku a ce ba a san zancen ba. Ka kai rahoto a rubuce ranar da abin ya faru, ka riƙe kwafi, ka ɗauki hoton injin kafin a mayar da murfin, ka rubuta sunayen waɗanda suka gani. A asibiti ka faɗa wa likita ƙarara cewa a wurin aiki ne, domin abin da ya shiga fayil shi zai yi maka shaida. Dokoki suna da wa'adin kai ƙara, kuma gajere ne a wasu ƙasashe.

Akwai kuma mai cewa, “Ai ni na yi ganganci, ba ni da bakin magana.” A ƙasashe da yawa tsarin diyyar rauni ba ya tambayar wa ke da laifi: ana biyan kuɗin magani, da wani kaso na albashin kwanakin jinya, da diyyar nakasa idan ta dindindin ce. Ma'aikacin wucin gadi ma ya bincika, kada ya yanke wa kansa hukunci.

Idan aka kawo maka takarda da ɗan kuɗi kana kwance a gadon asibiti, kada ka sa hannu. Ka ce sai wakilin ƙungiyar ƙwadago ko lauya ya karanta. Likita kansa sai bayan watanni yake iya faɗin yawan motsin da hannun zai dawo da shi, kuma a kan wannan ake auna diyyar.