Yadda nake shirya kwamfutar haya kafin in ɗora manhaja a kanta

Wata makarantar Islamiyya a unguwarmu ce ta nemi in rubuta mata manhajar duba sakamakon jarrabawa, iyaye su riƙa shiga ta waya. Na rubuta ta da Django, wani tsarin gina manhajojin yanar gizo da harshen Python, tana aiki lafiya lau a kwamfutata. Sai dai kwamfutar da ke cikin jakata ba za ta zama uwar garke ba, domin da an ɗauke wuta ko data ta ƙare, shi ke nan iyaye sun rasa inda za su duba. Mafita ita ce a kama hayar wani yanki na babbar kwamfuta a cibiyar wani kamfani, abin da 'yan harkar ke kira VPS. Ga yadda nake shirya ta duk lokacin da aiki irin wannan ya zo hannuna.

Ƙaramar manhaja ba ta buƙatar babbar na'ura. Mai RAM gigabait 1 ta ishe ka, kuma a kamfanin DigitalOcean, mai bayar da hayar VPS, irinta na kamawa dala 6 a wata. Ka zaɓi cibiyar da ke Landan ko Frankfurt, kada ka kai ta Amurka ko Singafo, saboda yawancin wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da suka sauka a Legas da Turai suka haɗa mu. Ni Ubuntu 24.04, wato wani nau'in Linux mai tafiyar da na'urar, nake ɗorawa, don za a ci gaba da yi mata gyaran tsaro har 2029.

Tun kafin ka biya kuɗi, ka ƙera makullin SSH, wato hanyar shiga na'urar daga nesa, a kwamfutarka da `ssh-keygen -t ed25519`. Fayil biyu za su fito. Wanda sunansa ya ƙare da `.pub` shi za ka miƙa wa kamfanin, ɗayan kuwa ko ɗan'uwanka ba ya gani. Ka shiga da `ssh root@` haɗe da lambar IP da aka ba ka, sai ka buga `tmux` kafin komai. Na nace a kan wannan ne saboda yanayin sabis ɗinmu. Idan layi ya katse kana tsakiyar `apt update && apt upgrade`, aikin na ci gaba a cikin tmux, ka dawo da `tmux attach` ka tarar da shi.

Wajen tsare hanyar shiga ne nake fi daɗewa, kuma ina roƙonka kada ka yi gaggawa. Sabuwar na'ura ba ta wuni sai wasu injina daga ko'ina a duniya sun fara gwada kalmar sirri a ƙofa ta 22, wadda SSH ke amfani da ita. Ka leƙa `/var/log/auth.log` washegari ka gani da idonka. Don haka ka buɗe asusunka na kanka, `adduser aiki` sannan `usermod -aG sudo aiki`, ka kwafa makullinka zuwa `/home/aiki/.ssh/authorized_keys`, ka mayar da mallakar fayil ɗin ga shi sabon asusun. A cikin `/etc/ssh/sshd_config` ka sa `PermitRootLogin no` da `PasswordAuthentication no`. Akwai tarko a nan: wani lokaci ana samun fayil a `/etc/ssh/sshd_config.d/` da ke sake buɗe shiga da kalmar sirri, kuma maganarsa ce ke rinjaye. Ka tabbatar da `sudo sshd -T | grep passwordauthentication`.

Bayan `systemctl restart ssh`, kada ka rufe tagar da kake ciki. Buɗe wata daban ka gwada shiga da sabon asusun. Na taɓa rufewa ban gwada ba, ashe na yi kuskure wajen kwafar makulli, na kulle kaina a waje ana saura kwana biyu a raba sakamako. Ta allon gaggawa na shafin kamfanin na samu na koma, bayan awa uku cikin damuwa.

Katangar tsaro ba wuya. Ka girka Nginx, manhajar da ke karɓar masu ziyartar shafi, sannan `ufw allow OpenSSH`, `ufw allow 'Nginx Full'`, daga ƙarshe `ufw enable`. Jerin haka yake, a buɗe SSH tukuna. Ƙofofin 22 da 80 da 443 kaɗai za su saura a buɗe. Ta 5432, wadda PostgreSQL, ma'ajiyar bayanan manhajar, ke amfani da ita, ba ruwan mutanen waje da ita. Ka kuma ware gigabait 1 na swap, wato wurin da ke tallafa wa RAM a kan faifan ajiya, in ba haka ba na'urar kan kashe manhaja da kanta idan RAM ya cika.

Yanzu manhajar. Ka jawo ta da git, manhajar adana rubutun manhaja, ka yi mata venv, wato keɓaɓɓen wurin kayan Python ɗinta, ka girka Gunicorn, wanda zai riƙa gudanar da ita. Kada ka bar `runserver` yana yi wa jama'a hidima, na gwaji ne kawai. A saitin Django ka mayar da `DEBUG` zuwa `False`, ka rubuta sunan shafinka a `ALLOWED_HOSTS`, ka gudanar da `collectstatic`. Gunicorn ya saurara a `127.0.0.1:8000` da ma'aikata uku, wato a cikin gida kawai. Nginx ne mai tsaron ƙofa: yana karɓar baƙi, ya miƙa su ciki da `proxy_pass`, ya raba hotuna da fayilolin CSS da kansa. Duk gyaran da ka yi masa, ka buga `nginx -t` kafin ka sake kunna shi.

Abin da sabbin shiga suka fi tsallakewa shi ne systemd, mai kunna manhajoji da kansa idan na'ura ta tashi. Sai mutum ya kunna Gunicorn da hannu, ya ga shafi ya buɗe, ya tafi ya kwanta. Ranar da na'urar ta sake tashi, iyaye sai su tarar da saƙon kuskure mai lamba 502 a maimakon shafin. Ka rubuta `/etc/systemd/system/sakamako.service`, ka nuna masa asusun da zai yi aiki da shi, da inda manhajar take, da umarnin Gunicorn a `ExecStart`, ka ƙara `Restart=always`. Sai `systemctl enable --now sakamako`. Idan ya ƙi tashi, `journalctl -u sakamako` zai faɗa maka dalili.

Ka je inda ka sayi sunan shafi ka sa rikodin A, mai haɗa suna da lamba, ya nuna lambar IP ɗinka. Da ya kama, `certbot --nginx` zai karɓo maka takardar shaidar HTTPS kyauta daga Let's Encrypt. Kwana 90 take yi, tana sabunta kanta, amma ka gwada da `certbot renew --dry-run`.

Makin yara amana ne, shi ya sa kowane dare cron, mai gudanar da aiki a lokacin da aka tsara, ke kwafe bayanan da `pg_dump`, ni kuma duk Juma'a nake sauke kwafin zuwa kwamfutata, domin ajiyar da ke zaune a na'ura ɗaya da asalin bayanan tare za su ɓace. Kafin in aika wa shugaban makaranta adireshin, nakan buga `sudo reboot`, in jira minti biyu, in kashe wayfai ɗin wayata, in buɗe shafin da data kamar yadda uwar ɗalibi za ta buɗe shi.