Yadda za ki yi idan ana zargin babbar jijiyar cikin maigidanki ta kumbura

Ba don jijiya muka je asibiti ba. Fitsarin dare ne ya addabi maigidana, likita ya tura shi hoton ciki a duba mafitsara da ƙoda. Mai ɗaukar hoton ya shafa masa man nan mai sanyi, yana ta yawo da na'urar yana jan mu da hira, sai ya tsaya a saman cibiya, hirar ta ɗauke. Da ya gama ya miƙo takarda ya ce, "Alhaji, a koma wa likita da wannan, kada a wuce makon nan." A ƙasan takardar an rubuta AAA, wato gajeren sunan kumburin babbar jijiyar jini ta ciki a Turance, da alamar tambaya. Ranar ko tuwon dare ban iya haɗiya ba.

Da ke nake magana domin maza ciwon ya fi kamawa, musamman waɗanda suka kai 65 kuma suka taɓa shan sigari. In uwargida ce aka gano wa, maigida ya juya zancen, duk ɗaya ne.

Mataki na farko: san abin da ake zargi

Akwai jijiyar jini guda da ta fi kowace girma a jiki, likitoci na ce mata ayota. Daga zuciya ta taso, ta sauko ta gaban ƙashin baya, ta rabu biyu daidai cibiya zuwa ƙafafu. Faɗinta a ciki kamar santimita 2 ne. Idan bangonta ya yi laushi, ƙarfin jini yakan buɗa wurin sannu a hankali, kamar yadda tub ɗin keke yake yin ciki a gefe guda. In faɗin ya kai santimita 3, an kira shi kumburi. Abin tsoron shi ne fashewa. Yawancin masu shi ba sa jin komai, shi ya sa a kan neman wani abu ake cin karo da shi.

Zargi kuma ba tabbaci ba ne. Siririn mutum in ya kwanta rigingine yakan ji cibiyarsa na harbawa alhali jijiyarsa lafiya lau.

Mataki na biyu: kada ku baro likita sai da lamba

Nan ne jigon lamarin. "Ya kumbura kaɗan" ba amsa ba ce. Ki tambaya santimita nawa, ki rubuta da ranar da aka auna, domin lambar ce take yanke kusan komai. A tsarin da ake bi a Ingila, inda ake kiran kowane namiji awon nan a shekarar da ya cika 65, daga 3 zuwa 4.4 ƙarami ne, a sake hoto duk shekara. Daga 4.5 zuwa 5.4 matsakaici ne, hoto duk wata uku. Sai ya kai 5.5 ake zama zancen tiyata. A mata akan fara zancen tun wajen santimita 5, haka ma idan yana girma da sauri ko yana ciwo.

Da aka ce mana namu 4.1 ne, a dawo baɗi, haushi na ji. Na ce wa likitan, "Likita, a bar mutum da wannan abu a ciki a ce ya tafi gida?" Bai ji zafina ba. Ya ce ita tiyatar ma tana da nata haɗarin, kuma ƙaramin kumburi da wuya ya fashe, kusan mutum 1 cikin 100 a shekara ko ƙasa da haka. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 1998 ya nuna gaggawar yanka masu ƙaramin kumburi ba ta ƙara musu tsawon rai a kan waɗanda aka ci gaba da sa wa ido. Ashe jiran ma magani ne, in dai ana komawa awo.

Ki roƙi a tura ku wurin likitan tiyatar jijiyoyin jini. A arewa irinsu a manyan asibitocin koyarwa ake neman su, kamar na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Mai yiwuwa su nemi hoton CT, wanda ake ɗura ruwa na musamman a jijiya, kuma kafin nan sukan auna lafiyar ƙoda. Ki tanadi jaka guda, duk takarda da faifan hoto su zauna ciki, ki kuma ɗauke su a waya. Mu an taɓa ɓatar mana da sakamako a wani wuri, sai da muka sake biya. In da hali a riƙa yin awon a wuri ɗaya, saboda hannu ya bambanta, kuma bambancin 'yan milimita kan hana mace barci a banza.

Mataki na uku: haddace alamun da ba a jira gari ya waye

Ciwon ciki ko na baya mai tsanani da ya zo farat ɗaya, wani lokaci yana sauka mara ko cinya. Jiri, gumi mai sanyi, jiki ya yi la'asar, ko suma. In kin ga haka ba a cewa ulsa ce ta tashi, ba a jiƙa kanwa, ba a aika yaro kemis. Kwantar da shi, kada a ba shi ci ko sha, a nufi babban asibitin da ake tiyata kai tsaye. Tun daga ƙofa ki ɗaga murya ki ce yana da kumburin ayota, ki nuna takarda. Ciwon yakan yi kama da na tsakuwar ƙoda, kalmar nan taki na iya hana a ɓata awa guda ana lalube. Kusan 8 cikin 10 na waɗanda tasu ta fashe ba sa kai labari, da yawa tun kafin a isa asibiti.

Shirin da rana ake yin sa. Motar wa za a ɗauka da ƙarfe biyun dare? Akwai mai a cikinta? Mene ne rukunin jininsa, su wa za su bayar? In kina da abokiyar zama, ajiye komai ki zaunar da ita ki karanta mata alamun nan, ciwo bai san ranar girki ba.

Mataki na huɗu: abin da ke hannunku a gida

Babu ƙwaya ko jiƙon da ke mayar da jijiyar yadda take. Abin da ake iyawa shi ne rage mata saurin girma, kuma sigari ce kan gaba. Ba ragewa ba, bari ɗungurungum, har da shisha. Nan na sha wuya. Shekara talatin mutum yana abu, gori ba ya raba shi da shi. Ranar da na tsinci kwali a aljihun babbar riga na yi ta faɗa, kwana biyu ba ya cin abincina, kuma na tabbata ya fi sha a kwanakin. Abin da ya yi aiki shi ne da amininsa ya zauna da shi bayan sallar isha'i, da kuma likita ya faɗa masa baki da baki. Na koyi yin shiru in bar wa waɗanda yake jin nauyinsu.

Sai hawan jini. Sayi na'urar awo ta gida, ki riƙa rubutawa. Maganin kullum ne, ba sai kai ya sara ba. Rage gishiri da dunƙulen miya. In azumi ya gabato a tambayi likita yadda za a sauya lokutan sha, haka ma kafin tafiya Hajji ko Umara.

Ga wani da mutane ba su sani ba. Siprofuloksasin, "sipro" ɗin da ake saya a kemis da zarar an ce taifot, yana cikin magungunan da hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2018 cewa suna ƙara haɗarin fashewar ayota ga masu kumburi. Duk wanda zai rubuta masa magani a gaya masa. Kada kuma a yarda kowa ya danna cikin, ko ya murza, ko a kafa ƙaho a wurin.

Amma kada ki mayar da shi ƙwai. Tafiya masallaci da kasuwa a ƙafa alheri ce gare shi. Ɗaga buhu da tura mota ne za a tambayi likita. Zancen shimfiɗa ma a tambaya ba kunya, masu ƙaramin kumburi akasari ba a hana su.

Mataki na biyar: 'yan'uwa, da zancen tiyata

Ciwon yana bin jini. Shaƙiƙansa, musamman maza da suka manyanta, su je a duba su, hoton minti kaɗan ne ba allura. Sauran dangi kuwa shi zai zaɓi wanda za a gaya wa, don 'yan dubiya da labarin wane da ya faɗi matacce sun fi ciwon tayar da hankali.

In lambar ta kai, hanya biyu ce. Ko a buɗe ciki a ɗinka bututun roba a madadin wurin da ya lalace, aikin da ke ɗaukar kamar mako guda ko fiye a gadon asibiti da watanni ana farfaɗowa. Ko a zura bututun ta jijiyar matsematsin cinya ba tare da buɗe ciki ba. Wannan an fi saurin tashi, sai dai da tsada, ba ko'ina ake yi ba, ba kowace jijiya ta dace da shi ba, kuma za a yi ta komawa hoto har ƙarshen rayuwa. Ku tambayi likita sau nawa suke yin aikin a wurinsu. Ku fara tanadi tun lambar tana ƙasa, in yana da inshorar lafiya a bincika abin da take ɗauka tun yanzu.

Na ƙarshe, ke kanki

Watannin farko nakan farka cikin dare in ɗora hannu a cikinsa ina ƙirga harbawar. Wata rana ya riƙe hannun ya ce, "Hajiya, kin fi jijiyar hana ni barci." Na gaya wa likita, ya ce tafin hannu ba ya auna santimita, in bar wa na'ura aikinta. Sai na samu yayata nake sauke mata abin da ba na son ya ji, na kuma tsayar da lokaci guda bayan asuba na addu'a a kai, sauran yinin in kama sana'ata. In ke ma abin ya hana ki ci da barci makonni, faɗa wa likita, kuma a auna naki jinin.

Awon bara ya nuna 4.3. Na gaba na rubuta ranarsa a bayan ƙofar ɗakina, na kuma sa ƙaramin ɗanmu ya saka ta a waya.